Tsagar Dogo a Ƙwaurin Habibu

Tun da aka ce bana za a ɗauki sababbin jami'an tsaro na jandarma, zama ya gagari Habibu. In ya zauna cin tuwo ƙafarsa na rawa, in ya kwanta sai juyi. Shekarunsa sun kai maƙura, in bai shiga bana ba, baɗi ko ƙofar ba za a bar shi ya leƙa ba. Bara ya je Tawa, gwajin gudu ya kayar da shi, ya komo ƙauyensu kusa da Galmi ya ci gaba da ɗora buhunan albasa a mota. Shi kuwa ya rantse ya gaji da warin albasa.

Sai ya faɗa wa gudu kamar mai jin haushinsa. Da an sallame sallar asuba ya hau kwaltar da ta nufi Malbaza, da yamma ma ya sake. Takalminsa na roba ne da ya sha ƙwallo har ƙasansa ya siɗe. Bai tsaya nan ba, ya ɗinka 'yan jakunkuna ya cika da yashi ya ɗaura a idon sawu, don samarin gari sun ce ranar da ka kwance su tashi sama za ka yi. Mutumin da rabonsa da gudu tun bara, rana ɗaya ya ce zai rama shekara.

Ƙafa ba ta yi shiru ba. Ciwon ya fara daga gefen ƙwauri ta ciki, in ya soma gudu ya ji shi, in jiki ya yi zafi ya lafa. Daga baya ya daina lafawa. Ko yatsa ya ɗora a ƙashin sai ya cije leɓe. Da tsoro ya kama shi ya je asibitin gari wurin majo Ummul-Khairi, babbar mai jinya, mace marar ɓoye-ɓoye.

Ta latsa ƙashin daga sama har ƙasa, ta sa shi ya yi tsalle da ƙafa ɗaya, ta tambaye shi inda yake gudu. Da ya ambaci jakunkunan yashi sai ta riƙe haɓa.

"Kai, Habibu, jaki ma ba a yi mishi haka. Ƙashin bai tsage ba tukuna, amma kana bisa hanya. Naman jikin ƙashin na yak kumbura, don ka ɗora mishi abin da bai saba ba. Ka bar gudu 'yan makonni har ciwon ya ɗauke. Ka naɗe ƙanƙara cikin tsumma ka riƙa ɗorawa. In ya ɗauke, ka sake takalmi, ka bar gudiro, kwaltar nan, ka koma ƙasa mai taushi, kaɗan-kaɗan."

"Majo, lokaci hwa ya matso."

"Shi yas sa nic ce ka huta yanzu. In ka huta, ka ishe lokacin."

Ya ce to. Amma hutu ga Habibu ya fi ciwon zafi. Yana zaune a ƙofar gida da ƙanƙara a ƙafa, sai ya hango abokan neman aikin sun wuce a guje suna ɗaga masa hannu. Ya tashi, ya zauna, ya leƙa bakin hanya, ya komo. Kowane ƙarar takalmi a kunnensa wani ne ke ɗauke masa wuri. Bai cika mako ba ya sace jiki ya hau kwalta, ya dawo yana jan ƙafa, hannu a bango.

A haka mahaifinsa ya gan shi. Alkasum tsohon ɗan kokawa ne, har yanzu in ya yi tafiya ƙasa na sanin an taka ta. A wurinsa ciwo iri biyu ne, wanda ake daurewa da wanda ake kai wa wanzami.

"Mi as same ka kake tahiya awa tsohuwa?"

"Ƙwauri na, Baba. Majo ta ce in huta, in sa ƙanƙara."

"Ƙanƙara! Hura ce kai? Mugun jini na yat taru. Sadda nike kokowa, in ƙahwa ta yi nauyi Dogo ka tsaga ta, in kwana biyu in koma hili. Tashi mu tahi."

Habibu ya so ya yi musu, amma wa ke ja da Alkasum? Kuma gaskiya ita ce kwana biyun nan ya yi masa daɗi a kunne. Majo ta ce makonni, Baba ya ce kwana biyu. Mai sauri ba ya tsayawa auna magana.

Dogo wanzami ya shimfiɗa shi a zaure, ya wasa aska, ya jera tsaga a ƙwaurin nan biyu, ya kafa ƙaho ya ja jini. Ya nuna wa Alkasum abin da ya fito. "Ka ga baƙi nai? Wanga shi aƙ ƙi barin yaro ya yi gudu." Ya shafa baƙin magani, ya ce an gama. Habibu bai ko yi tari ba, don uban na tsaye a kansa.

Washegari aka tura shi ban ruwan albasa, ya wuni cikin taɓo. Kafin mako ya zagayo ƙafafun sun haye, tsagar ta yi ruwa, zazzaɓi ya kwantar da shi. A amalanke aka kai shi wurin majo. Ta dubi ƙafar, ta dubi Alkasum, ta haɗiye abin da ya zo mata baki don girmansa. Ta wanke, ta ɗaure, ta yi masa allura, sannan ta ce da Habibu a hankali, "Hutun da kaƙ ƙi, ga shi ka samu."

Ya kwanta dole. Ya ƙirga azarar ɗaki har ya gaji, ya yi faɗa da ƙuda, ya yi faɗa da ƙannensa, ya yi kuka sau ɗaya da ba kowa. Abin mamaki, ranar da ya miƙe ya latsa ƙashin, shiru. Ciwon da ya hana shi sakat ya tafi. Wannan karon ya bi maganar majo. Ya sami takalmi mai taushi a kasuwar Ƙonni, ya koma bakin fadama inda ƙasa ke da laushi, yau sassarfa, gobe hutu, jibi ya ƙara kaɗan. Numfashinsa ya dawo, ƙafar ta yi sakayau. Tsaga biyu ne kawai a ƙafar hagu suka ƙi rufewa, kullum suna jiƙa bandeji. Bai damu ba, tunda ba su hana shi gudu.

Ranar gwaji ya isa Tawa cikin ɗaruruwan samari, ƙafarsa na ƙaiƙayin a ce a tashi. Amma kafin gudu sai an ga likita. Aka jera su, aka ce kowa ya tuɓe. Likitan ya zo kansa, ya tsaya, ya sa aka kwance bandejin. Ya duba gyambon da kyau.

"Mene ne wannan?"

"Tsaga ce, likita. Ta kusa warkewa. Wallahi ba ta yi mini ciwo, ku bar ni in yi gudun ku gani."

"Ba ma ɗaukar mai buɗaɗɗen rauni. Ka je ka warke, ka dawo baɗi."

"Ba ni da baɗi, likita."

Likitan ya ce ya yi haƙuri, ya wuce kan na gaba.

Habibu ya tsaya bayan shinge yana kallo aka busa usur. Ya ga waɗanda suka tashi da ƙarfi suka sare a tsakiya, ya ga wanda ya zo na fari, ya san a ransa da ya wuce shi. Ƙafafunsa na ta motsi su kaɗai a cikin sabon takalmi. 

Wayarsa ta yi ƙara. Alkasum ne, muryarsa cike da ɗoki.

"Habibu, an yi gudun? Ƙahwar ta dame ka?"

"A'a, Baba. Ko kaɗan ba ta yi ciwo ba."

"To ka gani! Na hwaɗa maka hannun Dogo ba ya ƙarya. Bari in tahi in yi mishi godiya."