Kurkunun Labbo

Har yau idan na ga kofin gasa a ofishin wani shugaban makaranta, sai raina ya ɓaci. Labbo nake tunawa.

Tare muka shiga kwalejin horar da malamai a ƙasar Anka, ɗakinmu ɗaya, gadonsa a saman nawa. Ɗan Fulanin Nasarawa Burkullu ne, siriri kamar sandar kiwo, ga gudu kamar ba ya taka ƙasa. Malam Barau, malamin wasanninmu, tun da ya ɗora ido a kansa ya daina ganin kowa. Kullum da sassafe zai tasa mu gaba yana kan kekensa har tabkin bayan gari, mu durƙusa mu sha ruwa, shi ma ya sha, mu juyo. Wai horo ke nan.

Da daminar 1981, gasar kwalejoji da za a yi a Gummi ta matso, sai wani ƙurji ya taso wa Labbo a ƙasan gwiwa. Da ya fashe sai ga wani farin zare ya leƙo. Kurkunu ne. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda ake bi da shi: a naɗe kan tsutsar a jikin tsinke, kullum a murɗa kaɗan, har ta fito duka, ko da za a kwashe wata biyu. Sista Lucy ta ɗakin shan magani ta naɗa masa, ta ɗaure da bandeji, ta ce ba gudu, ba tsalle.

Ana gobe tafiya Malam Barau ya faɗo ɗakinmu ko sallama babu. Ya kwance bandejin, ya yi tsaki.

"Wanga ɗan tsinke shi za shi hana muna kofi?"

Labbo ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, Inna ta ce in yat tsinke ciki, ƙahwa ba ta komawa daidai."

"Innarka ta taɓa gudun mil guda? Zancen ƙauye ne wanga!"

Na ce, "Malam, don Allah a jira Sista."

Ya ce in na ƙara buɗe baki sai na nome filin ƙwallo ni kaɗai. Ya zaro reza daga aljihu, ya datse tsutsar daidai fata, ya liƙa filasta. Tsinken ya faɗi ƙasa, ya sa ƙafa ya shure shi.

Labbo ya yi gudu a Gummi. Ya kuma zo na ɗaya, yana cije da leɓe. Aka ɗaga Malam Barau sama ana ihu, kai ka ce shi ya yi gudun. A hanyar dawowa, cikin motar makaranta, zazzaɓi ya rufe Labbo. Kafin mako ya zagayo ƙafar ta kumbura kamar turmi, ɗaki ba ya shiguwa don wari. Sista Lucy ta tsaya a ƙofar ofishin shugaba tana faɗa har muryarta ta dishe, sannan aka kai Labbo asibiti Gusau. An ceci ƙafar, amma gwiwar ta sandare, ba ta sake lanƙwasuwa ba.

Bayan an dawo da shi makaranta, ranar da mahaifinsa ya zo da jaki ɗaukarsa, Malam Barau ya tare shi da fuskar tausayi, wai ƙaddara ce, ba wanda ya san haka za ta faru. Tsohon ya janyo jakin. Ya ɗora ɗansa, ƙafa ɗaya a miƙe, suka kama hanyar gida, wajen Bukkuyum. Labbo bai dawo makaranta ba. Kofin kuwa yana ofishin shugaba, masinja na goge shi kullum. Ni dai baƙin ciki ya hana ni sake taka filin nan.

Da damina ta zagayo, aka aike ni gidan Malam Barau in karɓo ragar ƙwallo, don ya kwana biyu bai leƙo makaranta ba. Na tarar da shi a gindin dogonyaro, ya ɗora ƙafa a kan kujera 'yar tsugunno. A idon sawunsa ga tsinke, ga farin zare a naɗe, yana murɗawa a hankali kamar mai lallashin jariri.

Garin wucewa gefen ragar ya taɓa kujerar. Ya daka mini tsawa.

"Kai, yi sannu! Ba ka san in yat tsinke ciki ƙahwa ta tahi ba?"

Na tsaya ina kallonsa, ragar na hannuna. Ashe ya sani.