Gwiwar Mardiya

Ni Safiyatu, mai soya kayan ciki a unguwar Roumdé Adjia, ban taɓa shiga lekol na yi boko ba, amma a mahauta na tashi, na san ƙarar jijiya idan ta tsinke. Ranar Lahadi na ji ta a ƙafar jikata.

Mardiya, 'yar ɗana marigayi Muntaka, tana buga wa wata ƙungiyar mata ƙwallo. Da damina gwiwarta ta gurɗe, muka dinga zuwa wurin Madam Jocelyne, mai gashin ƙashi, wadda suke kira kine. Matar nan ba ta gaggawa. Yau ƙanƙara a tsumma, gobe roba a ƙafa a ja a saki, jibi tsayuwa da ƙafa ɗaya. A gabana ta gaya wa Roger, mai horar da su, cewa ta yarda yarinya ta yi tafiya, amma gudu da juyi tukuna. Ya ce to.

Ranar Lahadin nan sai ga 'yan garin Poli sun zo wasa. Roger ya kwance abin da Madam ta ɗaura mata a gwiwa, ya fesa wani ruwa mai kashe zafi, ya tura ta fili. Ina bakin fili da kaskona, sai ganinta na yi tana gudu. Ta juya za ta bi ƙwallo, ƙafa ta kafe a ƙasa, jiki ya wuce. Ƙas! Ta faɗi tana cizon turɓaya.

Da Roger ya tsaya nan ma da sauƙi. A'a, ya kira ƙarti biyu suka danne ta, ya kama dugaduginta ya fizga, wai zai mayar da ƙashi wurinsa. Ihun da ta yi, ko akuya a hannun mahauci ba ta yinsa.

Ban san lokacin da na tsallake igiyar fili ba, ludayin ƙarfe a hannuna, mai na ɗiga. Na sauke masa a kunne. Ya juyo, na ƙara masa a baki, leɓe ya fashe. Ɗaya daga cikin ƙartin ya hankaɗe ni, na daki benci da haɓa, haƙorina ya fita. Na tofar da shi, na tashi, na cafki wuyan rigar Roger na murɗe har idonsa ya yi ja.

"Mama, sake ni! Taimakonta nake yi!"

"Taimakon uwaka! Durƙusa ka goya ta."

"A kira mai babur mana."

"Kai ka tura ta fili, kai za ka fitar da ita. Durƙusa!"

Mahautan unguwarmu da suka zo kallo sun riga sun kewaye mu, babu mai murmushi. Ya durƙusa. Haka ya goya ta har ƙofar Madam Jocelyne, jini na zuba a ƙirjinsa, ni ina baya da ludayi.

Madam ta kwantar da ita, ta dubi gwiwar da ta kumbura kamar tulu, ta ce, "Mardiya, me ya faru?"

Yarinyar nan, don tsoron kada a cire ta daga ƙungiya, sai ta ce wai santsi ne ya kwashe ta a banɗaki.

Madam ta ce, "Idan ban san abin da aka yi wa ƙafar nan ba, zan iya taɓa ta na ƙarasa ta."

Na ɗora wa Roger ludayi a kan tasa gwiwar. "Faɗa mata."

Ya faɗa: kwancewar, feshin, wasan. Ya so ya tsaya nan, na danna ludayin.

"Na kuma ja ƙafar," ya ce.

Madam ta janye hannunta daga gwiwar nan take. Ta ɗaure ƙafar a miƙe, ta ce babu gashi yau, sai an kai ta asibiti an ɗauki hoto, wataƙila har aiki, bayan nan su sake farawa daga lanƙwasa ƙafa a kan gado.

"Za ta taka?" na ce.

"Za ta taka, Mama, idan wannan karon an bar ni na gama. Ƙwallo kuma, kada ki tambaye ni yanzu."

Mardiya ta juya fuska bango tana kuka. "Iya, kin kashe min wuri. Wa zai sake ɗaukata?"

"Yi ta fushi," na ce. "Ranar da kika taka, ki zo da ƙafarki ki zage ni."

Na goge jinin bakina da zane, na tura Roger waje ya nemo mota.