Matattun Kamfanonin Farfesa Tak

Mijina Du-sik ba wawa ba ne, amma yana da taurin kai irin na waɗanda karatu ya yi wa yawa. Ga furfura ta fara fito masa, har yanzu malamin wucin gadi ne a jami'a a nan Daegu ta ƙasar Koriya, darasi nan, darasi can. Sai ga kujerar dindindin guda ɗaya tak ta buɗe a sashen nazarin zuba jari, kuma kowa ya san wanda Farfesa Tak ya nuna shi zai hau. Du-sik kuwa ɗalibinsa ne, ya riƙe masa jaka har kafaɗarsa ta karkace.

Da bincike ɗaya Farfesa ya yi suna: sayi hannun jarin ƙananan kamfanoni masu araha, ka riƙe, riba na nan tafe. A kan wannan maganar masu kula da kuɗin fansho suke zuba gumin tsofaffi. Da ritayarsa ta matso, aka sa Du-sik ya sake bin lissafin don a samu abin yabo a walima.

Wata safiya ina zuba masa miya ya ce, "Maman Ye-rim, babu matattu a ciki."

"Waɗanne matattu kuma da sassafe?"

"Kamfanonin da suka karye. Waɗanda suka rayu kaɗai Malam ya lissafa. Da na mayar da matattun, riba ta ce ga garinku."

Na dire ludayin. "Baban Ye-rim, ka ja bakinka ka yi shiru har ka hau kujerar nan, sannan ka tono duk gawar da ka ga dama. 'Yarka jami'a za ta shiga baɗi."

"Kuɗin tsofaffi ne fa."

"Kai ka haife su?"

Bai ji ba. Ya sayi kwandon 'ya'yan itace, ya je ofis ya rusuna, ya faɗa wa Farfesa su biyu kawai. Farfesa ya ba shi shayi, ya ce, "Ka yi ƙoƙari." Bawan Allah ya dawo gida yana washe baki.

Ranar walima, a gidan gashin nama, ɗalibai suka jeru daga babba zuwa ƙarami. Kowa ya durƙusa ya miƙa kofi da hannu biyu, Farfesa ya tsiyaya masa giyar soju, ɗalibin ya kau da kai don ladabi ya sha. Da aka zo kan Du-sik, kwalbar ta wuce zuwa na kusa da shi. Mijina ya tsaya a durƙushe, hannu biyu a sama, kofi wayam. Duk ɗakin nan babu wanda ya dube shi, har abokansa da suka ci tuwon... a'a, da suka ci shinkafata shekara da shekaru. Sai ƙarar nama a kan wuta. Na ji kamar in kife teburin a kansu.

Farfesa ya miƙe jawabi. "Abin alfaharina," in ji shi, "duk ɗalibin da ya bi ta hannuna ya zama wani abu. Babu ko ɗaya da ya faɗi."

Aka yi tafi raf-raf. Aka jeru za a yi hoto, Du-sik ya nufi wurinsa a layin tsakiya. Sai Farfesa ya miƙo masa wayarsa, har da murmushi.

"Du-sik, kai ka iya lura da abin da ya ɓace. Ɗauke mu, ka tabbata kowa ya fito."

Mijina ya karɓa da hannu biyu. Ya ja da baya har ya taka takalman mutane a bakin ƙofa, ya ce musu su ɗan matsa.

Wani aka ba kujerar. Darussan wucin gadin ma aka janye. Yanzu Du-sik kayan saƙo yake rabawa gida-gida da mota, gwiwarsa tana kumbura da yamma. Kwanakin baya Ye-rim ta je sashen nasu, ta ga hoton an rataye shi a zaure, an rubuta a ƙasa: Farfesa Tak da dukkan ɗalibansa.