Rafi Ya Iso Makabarta

Mai adaidaita sahu ya tsaya inda ruwa ya yanke hanya, ya ce daga nan kuma sai ƙafa. Adawiyya ta rataya jakar kwamfutarta, ta tattare zani, ta ratsa gonakin gero zuwa ƙauyensu da ke bayan Kiyawa.

Shekara uku ke nan tana aiki a wani ofishin kula da ruwa a Dutse. Takan zuba wa kwamfuta alƙaluman ruwan sama na shekaru masu yawa, da faɗin rafi, da irin ƙasar gaɓarsa, ita kuma kwamfutar ta yi hasashen inda ruwa zai ci. Damina ta sauya hali. Sai a yi mako uku ko ɗigo babu, sannan ruwan wata guda ya zubo a yini ɗaya. Bara lissafinta ya nuna rafin ƙauyensu zai kai makabarta cikin shekara shida. Ta rubuta a rahoto, ta kuma faɗa wa baffanta Malam Lado da bakinta. Yau da sassafe ya kira ta ya ce rafi ya shiga.

Da yake mata ba sa shiga makabarta, ta tsaya a gindin wata tsamiya daga waje. Gaɓa ta zabtare, layi biyu na kaburbura sun tafi. Maza na cikin laka har gwiwa suna tattara abin da ya saura a sabon farin yadi. Ba ka jin komai sai salati ƙasa-ƙasa da rurin ruwa. Mahaifiyarta na layi na uku.

Malam Lado ya fito, rigarsa duk jar ƙasa. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baffa, yaya muka ji da wannan abu?"

"Sai haƙuri. Goma sha ɗaya ruwa ya ɗauka, mun samu huɗu. Innarki tana nan, amma ƙasar gefenta ta tsage. Yau za mu ɗauke ta."

"Shekara shida na ce muku, Baffa. Ko ɗaya ba a cika ba."

"Kin faɗa, mu ne muka ga da sauran lokaci. Ba tuhumarki na kira ki in yi ba. Malamai sun yarda a sauya musu makwanci, ni kuwa ba na so mu tono bayin Allah sau biyu. Duba na'urar taki ki nuna mana inda za mu haƙa."

Tun kafin ta baro Dutse ta shigar da ruwan jiya cikin lissafin. Sau uku tana maimaitawa, ko amsar za ta sauya, ba ta sauya ba. Ta ɗora kwamfutar a kan saiwar tsamiya ta buɗe taswira.

"Wannan jan layin shi ne inda gaɓa za ta kai nan da damina huɗu. Ƙila ma ba za a kai huɗun ba, kun ga yadda na yi kuskure."

Ya sunkuya yana ƙanƙance ido. "Wannan ɗan farin fa?"

"Masallaci ne."

"Na kusa da shi fa?"

Ta ƙara girman taswirar, ta matso masa da kwamfutar.

"Gidana ne," ya ce.

"Da wasu gidaje ashirin da uku, duk suna cikin jan layin. Sai tudun da ke bayan makarantar firamare ne kaɗai na amince da shi."

Malam Lado ya daɗe yana kallon rufin gidajen da suka leƙo ta saman gero, inda hayaƙin girkin rana ke tashi. Ya goge tafin hannunsa a jikin riga.

"Bayan sallar Juma'a za ki zo ki yi wa mutane bayani da kanki. Za su zage ki, ki shirya."

"To, Baffa."

Ya juya ya ɗaga wa masu haƙa hannu, ya nuna musu tudu.

"Mu fara da waɗannan," ya ce a hankali, yana kallon kaburburan. "Su ba sa gardama."