Injin Aro

"Ba inda za shi," in ji Hajiya Lauratu. Ta gyara zama a bakin zaure, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya.

Malum ya saki hannun amalanke ya share gumi. Injin nasa ne, amma wa zai tsallake ƙafar Hajiya a cikin gidanta?

"Hajiya, ba haka muka yi ba. Safe na Halime ne, yamma naki. Kafin motar baƙi ta baro Yalwa na dawo miki da shi."

"Na fasa. In ya faɗa kwata a hanya fa?"

Injin dai ba wani inji ba ne. Tsohon injin niƙa ne da ya mutu tun kafin a karya darajar kuɗin sefa, Malum ya shafe shi da koren fenti. Amma ba ƙungiyar da ba ta san amfaninsa ba a Garwa. Masu ba da tallafi ba sa sakin hannu sai sun zo sun ga abin da ƙungiya ta mallaka da guminta, don haka duk wadda za a kawo wa ziyara sai ta aro shi, a girke a tsakar gida, a barbaɗa masa garin gyaɗa. In an ce a kunna, sai a ce an ɗauke wuta, abin da ba mai ƙaryatawa a garin nan. Injin nan ya je Pitowa, ya je Figil a bayan motar siminti. Ya fi mai shi yawo.

A wannan karon, wata ƙungiyar agaji mai ofis a Yawunde ce za ta ba da injin matsar man gyaɗa sabo fil, guda ɗaya tak, ga ƙungiyar mata ɗaya. Aka tace, aka sake tacewa, ya rage biyu: ta Hajiya Lauratu a Hausare, da ta Halime a Yalwa.

Halime fa, 'yar wan Hajiya, wadda ta tashi a ɗakinta. Hajiya ce ta koya mata gane suyar gyaɗa ta ƙamshi, ita ta koya mata zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan a turmi har mai ya taso. Yarinya ta yi boko, ta yi aure, ta kafa tata ƙungiyar. Yanzu wai ita ce Madam Pirezidan, tana zuba Faransanci a taro ana tafa mata, Hajiya kuwa na gefe tana jiran a fassara. Hassada ce, Hajiya ba ta ɓoye wa kanta ba. Ta yi istigfari a kai bayan sallar asuba, ta naɗe sallaya, abin yana nan daram a ƙirjinta.

Suna cikin haka babur ya tsaya a ƙofa. Halime ta sauko, ta durƙusa har ƙasa.

"Goggo, ina kwana. An tashi lafiya?"

"Lafiya."

"Na ji shiru ne, baƙin kuma suna hanya."

"Nan ya kwana, nan zai yini."

Halime ta dubi Malum, Malum ya dubi takalminsa.

"To Goggo, me zan nuna musu?"

"Faransanci. Ba kin iya ba?"

Hajiya ta so yarinyar ta ɗaga murya, ko ta murguɗa baki, don ta samu abin kamawa. Ina. Halime ta ce, "Allah ya ba mai rabo, Goggo," ta hau baburinta. Wannan ladabin ma haushi ya ƙara wa Hajiya, ta raka ta da tsaki.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan ƙungiya sun sha anko, an jera kujerun aro, an yayyafa ruwa a tsakar gida. Kaltumi, mataimakiyar Hajiya kuma ƙawarta tun suna 'yan mata, ta kwance tsumman da take ɗaure wuyan hannunta da shi ta cusa a ƙugu, kada baƙi su gani. Duk cikinsu ba wadda murza gyaɗa a turmi bai cinye wa kafaɗa ba. Hajiya ta san in sabon injin nan ya tafi Yalwa, matan nan za su bi shi ɗaya bayan ɗaya, kuma ba za ta ga laifinsu ba. Sai ta wayi gari ita kaɗai da turminta, ana cewa ai goggon Halime ce.

Bayan la'asar farar mota ta tsaya. Madam Élisabeth ce jami'ar, doguwar mata 'yar Yagwa, mai Hausar kasuwa gauraye da Fulatanci. Aka yi gaisuwa, aka miƙa mata folere, wato zoɓo, mai sanyi, ta kurɓa ta ce useko, godiyar Fulatanci. Sannan ta tashi da kofin a hannu, ta zagaya injin, ta dafa shi kamar wadda ta haɗu da tsohon maƙwabci.

"A kunna mana, mu ji."

"An ɗauke wuta, Madam," in ji Kaltumi, ko ƙifta ido ba ta yi ba.

Daidai lokacin firjin Hajiya ya ɗauki gurnani daga falo. Madam ta girgiza kofinta, ƙanƙara ta yi ƙara. Mata suka yi tsuru-tsuru. Malum, da ke raɓe a zaure, ya sulale waje.

"Hajiya, kada ki ji kunya," in ji Madam, tana murmushi. "Injin nan na san shi tun yana shuɗi. Duk inda na je sai in tarar ya riga ni. Yau ne kawai na shiga gida ban same shi ba. A Yalwa turmi na gani, da tabarya, da mata masu kanta a hannu. Shugabarsu ta ce mini ba su da komai sai wannan. Sunansu zan kai Yawunde."

Hajiya ta gane abin da ta yi. Wato ita da ƙafafunta ta tare zaure, ta miƙa wa Halime sabon inji. Ta ji kamar ta ɗora hannu a ka, amma idon matanta na kanta, sai ta gyara mayafi.

"Allah ya sanya alheri," ta ce, bakinta kamar ta tauna maɗaci.

"Saura magana ɗaya. Layinsu ba wuta, injin kuma da lantarki yake aiki. Na tambayi Halime ina za a kafa shi, ta ce gidan goggonta a Hausare. Ta ce ke kika koya mata sana'ar, kuma matanki ma su riƙa matsa tare da nata. Sai dai allo da sunan ƙungiyarta za a kafa a ƙofarki, ƙa'idarmu ce."

Da zagi Halime ta aiko, da ya fi wa Hajiya sauƙi. A ce yarinyar da ta kora da safe ita ce ke yi mata alfarma da yamma, a gaban jama'a? Kuma duk wanda ya bi ta layin nan ya ɗaga kai ya karanta sunan wata a bangonta? Kaltumi na ta zungurinta da gwiwar hannu, ita kuwa ko kallonta ba ta yi ba.

"Gidana ba fili," in ji Hajiya, a tsakar gidan da babbar mota za ta iya juyawa.

Madam ba ta ja ba. Ta ajiye kofi ta rataya jaka.

"Ba damuwa. Akwai Madam Germaine ta Lopere, mai ƙungiyar sabulu. Gidanta da wuta, ta ce ƙofarta a buɗe take. Tana son yarinyar nan kamar ita ta haife ta."

Madam ta nufi zaure. Hajiya na zaune, amma ta riga ta ga abin ƙiri-ƙiri: Halime na sauka daga babur kowace safiya a ƙofar Germaine, tana durƙusawa, tana cewa Mama ina kwana. Germaine na dafa kanta. Germaine na gaya wa baƙi, wannan 'yata ce. Wata sabuwar wuta ta tashi a ƙirjin Hajiya, wadda ta fi ta safe ci.

"Madam."

Madam ta juyo.

"Ita Germaine me ta sani a kan gyaɗa? Ita ta goya ta? Ita ta yi jinyarta da ta yi ƙyanda?"

"Kin ce ba fili, Hajiya."

Hajiya ta miƙe, gwiwoyinta na ƙara, ta leƙa waje.

"Malum, zo ka kwashe tarkacenka." Ta juyo ta nuna wurin da haɓa. "Ga fili nan."

"Allon fa?"

Hajiya ta kau da kai. "A kafa."

Da motar ta tashi, mata suka ɓarke da hayaniya, wata har da guɗa. Kaltumi ta zaro tsummanta ta mayar a wuyan hannu, ta matso kusa.

"Kin yi halin manya, Lauratu. Allah ya biya ki."

"Rufe mini baki, Kaltumi. Wallahi har yanzu ji nake kamar in shaƙe ta."

Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiya, ta fara share garin gyaɗar da ya zuba a inda injin ya tashi.