Ɗumi a Gurbin Liman

Kallamu ya banko ƙofar da kafaɗa, hannuwansa cike da ledojin samfurin yadi da ya kwaso daga kasuwar Baima, sai ya tsaya cak. Daɓen ɗakin kaf ya sha jar waya, an shimfiɗa ta a kan raga tana tafe tana dawowa kamar kunyoyin gona, gwanin kyau. Wuri ɗaya tak aka bari fayau, ko zare babu: kusurwar yamma, inda shi da kansa ya zana da alli da safe kafin ya fita. A daidai nan kuma Chen, mai aikin, ya durƙusa da bokitin kwaɓaɓɓen siminti, yana shirin ɗora tayil na farko.

"Lawban! Tsaya, tsaya!" Kallamu ya kira shi da Sinanci, wato maigida, ya watsar da ledojin ya tsallaka ciki a kan yatsun ƙafa.

Chen ya daka masa tsawa da Sinanci yana nuna takalminsa. Waya ce mai tsada, in aka taka ta tsinke a ciki, aikin duka ya tashi a banza.

Ɗakin ba wani babba ba ne. Ƙuryar ofishin aika kaya na Kallamu ce, a wani tsohon bene da ke kan titin Huanshi Lu a Guangzhou, inda 'yan kasuwar Kano da na Maraɗi ke haɗuwa su yi salla, su ci tuwo, su yi gulmar masu masana'anta. Duk wanda ya ce maka babu sanyi a Guangzhou, to a watan zafi ya zo. Sanyin garin jiƙaƙƙe ne, ta ƙasa yake shigowa, ya bi tayil ya kama ƙashi, gidajen kuma ba a gina su da abin ɗumama ba.

Shekara da shekaru Alhaji Sharif ke jan salla a ɗakin nan. Shi ya kawo Kallamu garin tun bai san yadda ake taya kaya ba, shi ya tsaya masa har ya buɗe nasa ofishin. Bana sanyi ya kama gwiwarsa ta hagu, sujada ta zame masa azaba. Wata rana da La'asar kawai ya tura Moussa, ɗan Maraɗi, gaba, shi kuma ya ja kujerar roba ya zauna a bayan sahu. Kallamu ya ji abin har cikin ransa. Ya shawo kan mai gidan haya, ya nemo Chen, aka ɓamɓare tsohon tayil domin a binne wayar lantarki mai ɗumama daɓe. Burinsa ɗaya ne, Alhaji ya koma gurbinsa. Sai dai tilas a yi ba tare da dattijon ya gane dominsa aka yi ba, don mutum ne da ya tsani a tausaya masa. Wani ya taɓa kawo masa tsarabar sanda, bai sake amsa gaisuwarsa da sakin fuska ba har yau.

Shi ya sa da safe Kallamu ya duba alƙibla, ya zana gurbin liman da alli daidai girman darduma, ya bubbuga wurin da tafin hannu yana kallon Chen, wato nan ne mai muhimmanci. Chen ya gyaɗa kai har sau nawa. Ashe a sana'arsu, duk inda mai ɗaki ya kewaye da alli, nan za a girke kabad ko firji, kuma ba a sa waya a ƙarƙashin kaya masu nauyi don kada zafi ya taru ya ƙone ta. Bawan Allah ya bi zanen nan sau da ƙafa, ya kauce masa da kyau, har da ɗan lanƙwasa irin na gwanaye.

Moussa na tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, yana dariya har shayin na zuba. "Wallahi patron, aiki ya yi. Mamu a cikin ɗumi, liman a kan ƙanƙara."

"Moussa, in ba za ka taya ni ba, ka rufa mini baki."

Kallamu ya nuna wa Chen wurin, ya ce a ƙaro waya. Chen ya kaɗa hannu. "Meyo." Babu. Ya ɗauko wayar salula ya yi magana a ciki, ta fassara da Turancinta na gurgu: wannan waya da tsawonta take zuwa, ba a yanke ta, ba a yi mata ƙari. Raga kaɗai ake yankawa a juya. In ana son ta kai kusurwar, sai a ɗage shimfiɗar duka a matso da ita, wani wurin ya rasa. Ya nuna bokiti, siminti ya fara ɗaurewa. Ya nuna agogo. Sannan ya tambaya, shin wane irin kabad ne wannan da ake son ƙasansa ya yi ɗumi?

Nan fa Sinancin Kallamu ya ƙare. Ya iya na ciniki, ya iya "rage mini" da "gobe zan dawo", amma bai taɓa sayen liman a Baima ba balle ya san sunansa. Ya yi magana a salula, ta fassara wani abu da ya sa Chen ya ƙara tamke fuska.

Sai Kallamu ya cire takalmi. Da sabuwar shaddarsa, wadda ya sa don ganin baƙin kwastomomi, ya shiga cikin zanen allin ya fuskanci alƙibla. Ya ranƙwafa kamar tsoho, ya dafa gwiwar hagu, ya sauka a hankali yana cije leɓe. Ya kai goshinsa ƙasa a kan ƙurar siminti, ya ɗago yana rawar ɗari, ya shafa haɓa alamar farin gemu. Moussa ya daina dariya.

Chen ya daɗe yana kallonsa. Can ya dafa tasa gwiwar, ya nuna arewa da haɓa, wajen garinsu inda ya baro nasa tsohon, ya ce, "Baba." Kalmar iri ɗaya ce a bakinsu da namu, ba a nemi salula ba. Ya ture bokitin gefe da ƙafa, ya ɗauko almakashi.

Suka shiga ɗage ragar a hankali, Chen na yanka tsakanin layukan waya, Kallamu da Moussa na riƙe da ita sama kamar masu shanya sabon rini. Da aka matso da shimfiɗar gaba, sai bakin ƙofa ya tashi babu komai, wajen faɗin sahu guda.

"Patron, ka san wa ke tsayawa a nan?" in ji Moussa. "Wanda kullum sai an yi raka'a yake shigowa da salula a kunne."

"Na sani. Ja can gefen."

Kallamu ya san da shi ake, kuma ko a jikinsa. Yana kallon jar wayar tana shiga cikin zanen allin layi bayan layi, Chen na manne ta, yana auna tazara da yatsu, sai ya ji ƙirjinsa ya cika. Ya sha loda kwantenoni zuwa Legas da Kwatano, amma bai taɓa yin aikin da ya ji alfahari da shi kamar wannan ba. Chen ya kwantar da 'yar siririyar wayar da ke jin zafin daɓe a tsakanin layuka biyu, ya jona mitarsa ya gwada, ya ɗaga babban yatsa.

Ana cikin haka aka yi sallama. Alhaji Sharif ne, cikin rigar sanyi a kan jamfa, yana dafe da bango yana ɓoye ɗingishinsa.

"Kallamu, me nake gani haka? Tarkon kifi ka kafa mana?"

"A'a, ranka ya daɗe." Kallamu ya miƙe da sauri. "Danshi ne ke ɓata mini samfurin yadi. Aka ce in daɓe na da ɗumi, kaya ba sa yin fumfuna."

"Yadi," in ji Alhaji. Ya dubi goshin Kallamu da ke fari fat da siminti, ya dubi zanen alli mai girman darduma. "To, madalla."

Da abin ya tsaya nan, da an rabu lafiya. Amma Chen ya ga farin gemu, ya ga ƙafar da ake ja, sai fuskarsa ta washe. Ya miƙe yana nuna Alhaji, yana nuna kusurwar, yana bubbuga gwiwarsa, ya zubo Sinanci kamar an buɗe famfo. Alhaji ya riga su duka zuwa garin nan, Sinanci a bakinsa yake kamar ruwa, babu kalma ɗaya da ta wuce shi.

Moussa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Kallamu ya tsaya yana jiran dattijon ya juya ya fita.

Alhaji ya cire takalmi. Ya bi ta gefen bango inda babu waya, a hankali, har ya isa kusurwar. Ya tsaya yana nazarin layukan, sannan ya yi wa Chen magana ƙasa-ƙasa da Sinanci, yana nuni da yatsan ƙafa. Ko Kallamu ya tsinci ma'anar: a ɗan ƙara matso da ita hagu, da wannan gwiwar yake fara sauka. Chen ya durƙusa nan take ya gyara.

Da Alhaji ya dawo bakin ƙofa yana sa takalmi, bai kalli kowa ba ya ce, "Yaushe za a kunna wa yadin naka?"

"Sai siminti ya bushe sarai, ranka ya daɗe. Ya ce a ba shi 'yan makonni, in an yi gaggawa tayil zai tsage."

"To." Alhaji ya gyara hularsa. "Moussa, ka ci gaba da ja mana kafin nan."