Cike Gurbi

Maigadin kamfanin talabijin ɗin ya sunkuyo ta tagar motata yana irin murmushin da ake yi wa tsofaffin da suka ɓata hanya.

"Ku yi haƙuri, iyaye. Masu zuwa ganin 'yan wasa ta ɗaya ƙofar suke bi, kuma sai ranar Juma'a."

"Mun yi maka kama da 'yan kallo?" na ce masa. "Wannan da kake gani Lorna Haskew ce. Tun kana zanen goyo take rubuta abin da gidan nan yake ci da shi."

"Yvette, ki bari." Yayata ta dafa gwiwata. "Ba laifinsa ba ne. Bai taɓa ganina ba."

Abin da ya ƙara mini haushi shi ne gaskiya ta faɗa. Shekara ashirin da 'yan kai Yaya Lorna tana rubuta wa *Gidan Kan Tudu* magana, wasan nan mai dogon zango da ake nunawa kullum da rana, ba hutu ba ƙarewa. Amma masu rubuta maganar 'yan wasa ba sa zuwa ma'aikata. Daga sama ake turo musu ƙashin labari, su zauna a gida su sa masa nama, su mayar. Teburin kicin ɗinta a garin Burbank shi ne ofishinta. Sunanta kuwa a ƙarshen shiri yake wucewa, da gudu, a matse a gefen allo, tallar sabulu ta cinye sauran wurin. Ni da muka fito ciki ɗaya ma sai na ƙura ido nake kama shi.

Sai da aka yi waya sama, aka bar mu muna gasuwa a rana, kafin sandar ƙofar ta ɗaga. Abu ɗaya ya kawo mu. An sa shirin cikin masu takarar lambar yabo ta rubutu, da kashin wasan da Yaya ta rubuta da hannunta, kuma babu sunanta cikin waɗanda za a karrama.

* * *

A farkon shekarar da ta wuce aka gano ciwon daji a huhun mijinta, Wendell. Makanikin motocin makaranta ne, mai aiki da yawa da magana kaɗan. Yaya ta ɗauki hutu ba albashi don ta yi jinyarsa, su kuma suka cire sunanta daga allo tun a makon da ta tafi. Ta zaci abin na wata biyu ne. Ciwon ya ja su har Oktoba, watan da ya rasu.

Ina ɗakin da yammacin da ya yi mata magana ta ƙarshe. Ganin ya kama hannunta, sai na shirya hankicina, ina jiran irin kalaman da ita kanta ta sha rubuta wa masu mutuwa a talabijin.

"Lorna," ya ce, "famfon nan na lambu. Kada ki murɗa shi da ƙarfi. Ki mayar da shi baya kaɗan, ki ji ya yi ƙas, sannan ki ɗaure. In ba haka ba, kwana zai yi yana ɗiga."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Maimaita."

Ta maimaita. Ya koma kan tukunyar ɗumama ruwa, daga nan ya gangara kan tayar baya ta motarta, da tagar kicin da ke cijewa in an yi ruwa. Sai da ya bi gidan kaf da bakinsa, ya damƙa mata duk abin da zai lalace bayansa. Ban taɓa jin an ce wa mace ana son ta da ƙarfi irin haka ba, kuma ko sau ɗaya bai furta kalmar ba.

Da ta koma aiki sai ta tarar da sabon shugaban marubuta, wani Grant Vickery, mai farin haƙori da saurin magana. Aikin farko da ya turo mata shi ne mutuwar Augustus, tsohon attajirin wasan. An tsara zai bayyana wa matarsa cewa yana da ɗa a ɓoye, ta kwaɗa masa mari, aradu ta faɗi, ya cika. Yaya ta ture wannan duka, ta rubuta famfo.

Ina kicin ɗin lokacin da Grant ya bugo mata waya, daga bakin murhu nake jin muryarsa.

"An ce ki kashe mana attajiri, kin kawo mana mai gyaran famfo. Wa zai zauna ya kalli wannan?"

Da Grant ya jefa rubutun a kwandon shara, ba don tsohon ɗan wasan da ke fitowa a Augustus ya kafe cewa ko waɗannan kalmomin ko kuma a nemi wani ya mutu a madadinsa ba. Aka nuna kashin ana saura mako guda Kirsimeti. Ina da shagon wanki, akwai talabijin a saman injinan. Ranar na ga mata sun tsaya da ninkin kaya, riguna a hannu. Wani ƙaton direba ya fita waje ya jingina da motarsa, ya daɗe bai dawo ba. Injinan suka gama juyi suka tsaya, babu wanda ya je ya buɗe.

* * *

Grant ya taso daga bayan teburinsa da hannuwa a buɗe.

"Ga tauraruwarmu. Lorna, kin san har yanzu wasiƙu ba su daina zuwa ba?"

"Na gode," Yaya ta ce. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. "Maganar suna ce ta kawo ni."

Ya yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka zalunta. "Ba ni na kafa dokar ba. Kwamitin masu ba da lambar ya ce sai wanda sunansa ya fito a rubu'in shirye-shiryen shekara. Ke kin dawo a makare, wata biyu kika samu. Ba su duba wanda ya rubuta kashin da aka tura, yawan fitowar suna suke dubawa."

"Na sani. Amma an ce shugaban marubuta zai iya nema wa mutum alfarma idan akwai dalili. Rashin lafiya dalili ne."

"Rashin lafiyar marubucin," ya ce a hankali. "Ke kuwa, mun gode Allah, lafiyarki ƙalau."

Na yi wa Yaya alkawari a mota cewa ba zan buɗe baki ba. A nan alkawarin ya ƙare.

"Watau da ita ce ta kwanta, Wendell ya yi jinya, da ta cancanta ke nan? Laifinta shi ne ba ita ciwon ya kama ba?"

Ya dube ni, ya dubi Yaya. "Wace ce wannan?"

"Ƙanwata ce."

"Baiwar Allah, ki fahimce ni. Sunaye goma sha biyu aka yarda wa kowane shiri, kuma sun cika. In na sa ta, wa zan cire?"

"Surukin mai kamfanin. Wanda kuka rubuta wai mai ba da shawara. Kira shi yanzu ka tambaye shi sunan matar Augustus, in ya faɗa zan yi maka wanki kyauta har ka mutu."

Bai yi dariya ba. Ya gyara alƙalamin da ke gabansa, ya mai da hankalinsa kan Yaya kamar ba na ɗakin.

"Wata mai zuwa ne za a sabunta kwantiraginki, ko? Ina so in sa hannu da zuciya ɗaya, Lorna. Kada mu bari ƙaramin abu ya zama surutu." Ya jawo aljihun tebur ya fito da tikiti biyu. "Ku zo bikin, ku zauna a layinmu. In muka ci, na yi miki alkawari sunanki ne farko a bakina."

Duk bayan wata uku ake sabunta musu kwantiragi, ko ka shekara talatin kana yi. Da wannan igiyar ake jan su. Yaya ta karɓi tikitin, har da godiya.

A mota na kasa tayar da inji don baƙin ciki.

"Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Kuma har kina ce masa kin gode? Yaya, wace irin zuciya gare ki?"

"Irin wadda take buƙatar inshorar asibiti." Tana kallon gaba. "Shirye-shirye irin wannan nawa suka rage a ƙasar nan? Ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Na haura sittin. In ya kore ni, shagonki zan zo ninkin kaya?"

"Ki zo. Aƙalla ni na san sunanki."

Ta ɗan yi dariya, dariyar ta tsaya a hanya.

"Ba mutum-mutumin da ake ba wanda ya ci lambar nake so ba, Yvette. Ina zan ajiye shi? So nake a faɗi Haskew sau ɗaya a gaban mutane, a hankali, ba da gudu ba. Sunan Wendell ne. Maganarsa ce, ni kwafa kawai na yi."

Na tayar da mota.

* * *

Ranar bikin ta sa shuɗiyar rigar da Wendell yake cewa ta fi yi mata kyau. Da la'asar muka shiga zauren, aka nuna mana kujeru biyu a can ƙarshen layin marubuta. Wasu suka gaishe ta suna kau da ido. Wasu ba su san ta ba, ita ma sunayensu kawai ta sani.

Da aka zo kan rubutu, aka rage fitilu, aka haska guntun kowane shiri a babban allo. Namu ne na ƙarshe. Ga Augustus kwance, ga matarsa, ga muryar tsohon nan tana rawa.

"Ki mayar da shi baya kaɗan, ki ji ya yi ƙas, sannan ki ɗaure."

"Na ji."

"Ba ki ji ba. Maimaita."

Zauren ya yi tsit. Na ji ana jan hanci a bayanmu. Leɓen Yaya yana motsi tare da na matar da ke allo.

Aka buɗe ambulan, aka kira *Gidan Kan Tudu*. Layinmu ya miƙe gaba ɗaya, suna rungumar juna, suna tattake mana ƙafa wajen fita. Surukin mai kamfanin har ya dafa kafaɗar Yaya don kada ya faɗi. Cikin ƙiftawar ido layin ya zama wayam, sai mu biyu a ƙarshensa.

A irin wannan biki ba a barin kyamara ta ga kujera ba kowa. Akwai samari da 'yan mata da ake tarawa a bakin ƙofa cikin kayan ado, da an tashi sai su ruga su zauna har masu wurin su dawo. Nan take suka kwararo cikin layinmu. Wata yarinya mai koriyar riga ta faɗa kujerar da ke kusa da Yaya, tana haki, kwallinta ya zubo.

A dandamali Grant ya ɗaga mutum-mutumin sama.

"Lokacin da muka zauna rubuta wannan mutuwa," ya ce, "mun ce wa kanmu, a wannan karon gaskiya za mu faɗa, komai ɗacinta."

Yaya ta kama hannuna. Ya gode wa kamfani. Ya gode wa mai kamfani da iyalinsa. Ya gode wa 'yan wasa, da matarsa, da malamar da ta koya masa karatu. Yatsun Yaya suna nitsewa cikin tafin hannuna.

"Da kuma duk waɗanda suke aiki a bayan fage," ya ce, "kun san kanku."

Kiɗa ya tashi, aka fara kora su gefe.

Na yunƙura zan miƙe. Allah ya sani, niyyata in kwarara sunan nan da muryar da nake kiran masu barin kaya a inji, zauren duka ya ji. Yaya ta danne ni da ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ki tuna kwantiragina, Yvette," ta ce ƙasa-ƙasa. "Zauna."

Yarinyar mai koriyar riga ta matso tana goge ido da ɗan yatsa.

"Ku gafarce ni, Mama, abin ne ya taɓa ni. Babana ma haka ya yi, batirin mota ya yi ta yi wa mamata bayani. Wanda ya rubuta wannan ya san mutuwa." Ta dube mu, ta dubi layin da ya cika da 'yan'uwanta. "Ku ma cike gurbi kuka zo? Ban san suna ɗaukar manya ba."

Na buɗe baki, Yaya ta riga ni.

"E, 'yata. Mun daɗe muna yi."

"To ku gyara, ga kyamara nan. An ce mu yi murmushi, mu yi tafi."

Kyamarar ta biyo layin a hankali da jan idonta. Yaya Lorna ta miƙe wuya, ta gyara shuɗiyar rigarta, ta yi murmushi, ta yi tafi har ta wuce mu. Sannan ta sauke hannuwanta a cinya. Hawaye ya fara sauka a kan rigar, ɗaya bayan ɗaya, ba ta share ba. Na zauna ina kallo yana ɗiga, ban san ta inda ake ɗaure wannan ba.